Damin Wanda Bai Dawo Ba

Hillar Cindo, kusa da Mai Wurno
8 ga Rajab, daidai da 20 ga Janairu, 2024

Zuwa ga mai daraja, Malama Briskila, jikar Ma'u,

Bayan gaisuwa mai yawan yashin Bahar, da fatan alheri mai tsawon hanyar da ta raba kakanninmu, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki, har da awakin da ke turke. Ina neman gafara bisa kutsen da na yi miki. Baƙo ne ni wanda bai aiko manzo ba, ya zo da rana tsaka, kuma tun kafin a miƙo mai ruwa ya buɗe baki da tambaya. In kin ga rashin ladabi, ki ɗora laifin a kan ɗoki.

Takarda, tashi ki bi hanyar yamma,
Inda kakana ya baro 'yar'uwa,
Ki durƙusa ƙofar gida ki yi sallama,
Ki ce jinin Almu ke yin gaisuwa.

Sunana Bilyamin ɗan Mahadi ɗan Almu Cindo. Malamin Larabci ne ni kafin yaƙi ya rufe makarantu. Yanzu manomi ne a bakin kogin da muke ce wa Bahar. Da hannu nake rubutu sannan in ɗauki hoton takardar da waya, don ban yarda a gai da babba da ɗan yatsa guda ba. Rubutun boko kuwa da kaina na koya, in harafi ya yi tuntuɓe ki tashe shi.

Aminat, malamar jinya ta asibitin garinku, ita ta ba ni lambarki. A ƙasarmu ta yi karatu, kuma da yaƙi ya tashi bara ta fake gidanmu wata biyu. A nan ta ji labarin kakana Almu mai yatsa shida, wanda ya bar ƙasar Katsina yana ɗan shekara goma sha takwas, shekarar da Turawa sunka ci ƙasa jama'a sunka yo hijira gabas. Ya bar ƙanwa mai suna Ma'u tana kuka a bakin rumbu. Makon jiya Aminat ta aiko mini cewa ta iske gidan da duk kaka ake ware dami guda na dawa, ana kiransa damin Almu Cindo, shekara ɗari da ashirin ba fashi.  Allah Ya saka muku, Ya kai ladan inda ya dace. Ki sani Almu ya iso lafiya, ya sari daji ya kafa wagga hilla, wato ƙauyenmu, ya haifi tara, ya rasu a kan shimfiɗarsa yana da shekara saba'in da bakwai. Har ya koma ga Allah, in ya ga yarinya mai wushirya sai ya ce, kamar Ma'u.

Aminat ta kuma ce ku Kirista ne. Ban ɓoye miki ba, na yi mamaki, amma mamakin mai son sani, ba na mai ƙyama ba. Yaya anka yi? Kuma ina da wata tambaya da ta fi wannan nauyi, ga dalilinta.

Ɗana Izzuddeen, shi ma mai yatsa shida kamar kakana, ya tafi yankin Jazira taya surukinsa aikin gona kusa da birnin Madani. Masu bindiga sunka shiga garin, yau kwana talatin da uku ke nan, ba shi ba labarinsa. Duk wanda ya tsero na tare shi: cikin waɗanda kunka binne a hanya, kun ga mai cindo a hannun hagu? Ba wanda ya gani. 'Yan'uwana, Alamin da Mujtaba, sun ce in haƙura a yi firashi, wato zaman makoki: a yi mai sallar gawa ba gawa, a dafa abinci a raba da sunansa, matarsa Sabah ta shiga takaba. Na ƙi. Masarar da ya shuka da hannunsa a bakin ruwa ta bushe a tsaye, na kasa karya ta.

Mu an hore mu da kada bawa ya ce wa Ubangijinsa don me. Na riƙe harshena, amma zuciya ba ta da linzami. Ku fa? A addininku ana tambayar Allah dalili? In an tambaya Ya yi shiru, da me ake kwana?

Ɗan'uwanki da ba ki taɓa gani ba,
Bilyamin


Gidan Ma'u, ta Malumfashi
27 ga Janairu, 2024

Malam Bilyamin, taubashina,

Lafiya lau muke, sai gwiwa da ke gardama. Takardarka sau uku na karanta ta. Na farko ban gane ba, na biyu na yi kuka, na uku na yi dariya. Gaisuwarka kaɗai ta ci rabin cajin wayata. Kuma wannan munka-sunka taka, rabona da jin ta tun tsofaffin fatake na sauka gidanmu. Ni jikar mace ce, kai jikan namiji, wasa ya halatta tsakaninmu, sai ka ɗaure.

Na san Ma'u da idona, ina da shekara goma ta rasu. Wushiryar tana nan har haƙoran suka zube. Da carbinta a hannu ta tafi, Musulma. Babana ne ya shiga coci, bayan an warkar da shi daga kuturta a asibitin mishan. Dangi suka ce ta sallama shi. Ta ce, "Gabas ta ci mini wa, ba zan ba coci ɗa kyauta ba. Ya je ya yi addu'arsa ya dawo ya ci tuwo." Shi ke nan, haka aka zauna.

Damin kuwa ga yadda ake yi. Ranar da aka gama ɗaurin dawa, kafin a sa ko ɗaya a rumbu, sai a zaɓi wanda ya fi cika ido a ɗaura masa jan ƙyalle, a ce wannan na Almu ne. Ba mai taɓa shi ko da yunwa ta kai ana cin tafasa. In sabo ya shigo, sai a sauko da na bara a sussuke, a yi tuwo a fitar bakin hanya, duk matafiyin da ya zo wucewa a kira shi ya ci. Ma'u ta yi, babana ya yi, ni ma ina yi tun da gidan ya dawo hannuna.

Ranar Lahadi na tashi a coci na ce Almu ya isa, har ya haifi tara. Tsofaffi suka yi ta guɗa kamar jiya ya tafi.

Ka ce ko muna tambayar Allah dalili. Ni kam kullum. In ɗa bai tambayi ubansa ba, wa zai tambaya, maƙwabci? Amsa mai tsawo sai wani jiƙon, idona ba ya jimirin rubutu.

Batun yaronka ya tsaya mini a rai. Jiya na hau rumbu da kaina, da gwiwar nan tawa, na zaro dami mai kyau na ɗaura masa jan ƙyalle, na ce wannan na Izzuddeen ne. Ka gaya wa Sabah an yi masa abin da ya kamata.

Yayarka,
Briskila


Hillar Cindo
21 ga Rajab

Zuwa ga Malama Briskila,

Bayan gaisuwa gwargwadon abin da ladabi ya wajabta.

Na rufe ƙofar gabas kar a shigo da likkafani,
Sai ga shi ta tagar yamma an miƙo mani.

Wata guda da rabi ina tsaye tsakanin ɗana da masu son yi mai sadakar mamaci. Na ɓata da Alamin, Mujtaba ya daina shan shayi a inuwata. Sai ga shi ke, daga nisan wata uku a ƙafa, kin ware hatsi da sunansa don a dafa a raba wa masu wucewa, kin jera shi da kakana da ya shekara sittin a kabari, har kina cewa in gaya wa matarsa an yi mai abin da ya kamata. A wurinmu ba a fitar da abinci bakin hanya da sunan mutum sai ƙasa ta rufe idonsa. Na Almu na gode, mamaci ne, yana bukata. Amma Izzuddeen wa ya ce miki ya mutu? Mafarki kinka yi? Ko a addininku akwai hanyar sanin abin da uba bai sani ba? In akwai, ki faɗa mini a fili, kada ki lulluɓe shi da jan ƙyalle.

Ban gaya wa Sabah ba, ba kuwa zan gaya mata ba. Ina roƙonki ki kwance wanga ƙyalle.

Bilyamin


Gidan Ma'u
6 ga Fabrairu, 2024

Taubashina mai saurin fushi,

Malam guda da kai, mai baitoci, ashe kan naka na kabewa ne. Amma laifina ne, na faɗa maka yadda ake yi ban faɗa maka dalili ba, don ban taɓa haɗuwa da wanda bai sani ba.

Da Ma'u ta ji ka kira damin nan sadakar mamaci, da muciya za ta bi ka. Shekara bakwai da tafiyar Almu dangi suka taru za su yi masa sadaka su raba gonarsa. Ta ce, "Wanda ya ga gawarsa ya ɗaga hannu." Ba wanda ya ɗaga. Ta ce, "To rabonsa na nan." Damin rabon mai rai ne, Malam, irin tuwon da ake rufe wa wanda ya je kasuwa bai dawo da wuri ba. Na bara kuma da ake ba matafiya, cewa ta yi, in na ciyar da ɗan wani a hanyata, Allah zai sa wata ta ciyar da nawa a tata. Wani fasto da muka taɓa yi ya ce abin ya yi kama da tsafi. Babana ya ce, "Fasto, in ɗanka na makarantar kwana, ranar Kirsimeti cinye naman rabonsa kuke yi?" 

Yanzu ga abin da ban faɗa maka ba. Dami uku ne a rumbuna. Na tsakiya na mijina ne, Ishaya. Shekara uku ke nan ya hau babur zai je cin kasuwa, aka tsinci babur ɗin a gefen daji da takalminsa ɗaya. Ba kira, ba gawa. Kusa da nasa na ajiye na ɗanka. Kana ganin zan binne mijina da hannuna?

Ka tambaye ni da me ake kwana in Allah Ya yi shiru. Shekarar farko ban kwana da komai ba. Na daina waƙa a coci, in an ce Allah nagari ne sai in duƙar da kai, don kada bakina ya faɗi abin da zuciyata ba ta sa hannu ba. Na tambaye Shi da kuka, na tambaye Shi da faɗa. Mutumin da ke kai marasa lafiya asibiti a babur ɗinsa kyauta, don me shi? Har yau bai gaya mini ba. Abin da ya riƙe ni, mu a wurinmu Yesu Almasihu da kansa ya yi irin wannan tambaya yana kan gicciye, kuma ran nan sama ba ta ce komai ba. To in Shi ya san ɗacin shirun nan, ba ni kaɗai aka bari a ciki ba. Ban ce na gane aikin Allah ba. Na dai zauna da Shi shekara sittin da biyar, na san halinsa, kamar yadda na san Ishaya ba zai tafi ya bar ni da gangan ba.

Kuma duba. Ma'u ta ɗaure dami sittin da biyar tana tambaya ko wanta ya isa, ta mutu ba ta ji ba. Shekara shida na ƙarshe ma yana kabari tana ɗaurawa. Sai ga amsar ta shigo wayata ina zaune ina tsinkar zogale: ya isa, ya haifi tara, yana tuna wushiryarta. Duk shekarun da take kuka, alherin yana can yana tafiya, ita ce ba a gaya wa ba. Ban ce haka za a yi da Ishaya ko Izzuddeen ba, ban sani ba. Amma ƙyalle kam ba zan kwance ba. Ka zo ka kwance da kanka.

Yayarka,
Briskila


Gidan Ma'u
30 ga Yuli, 2024

Bilyamin,

Wata shida ba amsa. In fushi ne, ya isa haka. In don ni Kirista ce, faɗa mini, ba kai ne farau ba. Amma rediyo na ambaton yaƙi a Sinnar ta kusa da ku kullum, Aminat kuma ta ce ba ta samun kowa a hillarku. Dawa ta kai ƙugu a nan. Kada ka sa in ɗaure na huɗu.

Briskila


Hillar Cindo
16 ga Rabi'us Sani, daidai da 19 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Yayata, abar girmamawata, Briskila jikar Ma'u,

Gaisuwar yau gajera ce, don mai laifi ba ya doguwar sallama, durƙusawa yake yi. Muna raye: ni, da uwar ɗakina Sharifa, da Sabah, da ɗiyar da ta haifa a watan azumi, mun sa mata Rayan. Na ƙirga yatsunta tun kafin a yanke cibiya. Shida ne a hagu.

Ga abin da ya faru, ba ado. Kwana kaɗan bayan takardata mai zafi, layin waya ya ɗauke a ƙasar duka. Da ya dawo na ga saƙonki ya shigo, girman kai ya hana ni buɗewa. Na ce mai kan kabewa, kamar yadda kinka kira ni ban sani ba, ba zai sake jin ta'aziyya ba. Da damina ta kama, yaƙi ya iso mu. Na naɗe wayar a leda na sa cikin gwangwanin madara na binne ƙarƙashin lemon gidana, munka ƙetare Bahar da kwale-kwale munka nufi gabas a ƙafa. Shekaranjiya na tone ta. Na karanta takardunki biyu a tsugune bakin ramin, Sharifa na tambayata ko kunama ta harbe ni.

Yaya, na yi miki zalunci. Na auna hatsinki da mudun garinmu. Kuma ban san da Ishaya ba. Na zo ina nuna wa mai ɗauke da dutse nauyin tsakuwata. Allah Ya bayyana shi, Ya sanyaya miki.

Ki ji wani abu. A rana ta huɗu ta gudunmu, Sabah ta kasa tafiya, nononta ya ƙafe. Munka faɗa wani ƙauye da ban san sunansa ba, mutanen ba Hausawa ba ne. Wata tsohuwa na zaune bakin hanya da ƙwarya, ta kira mu da hannu, ta ba mu kunu da tuwon dawa, ba ta tambayi ko mu su wa ne ba. A lokacin na ce sa'a ce. Shekaranjiya a bakin rami na ce, anya ba damin wani munka ci ba? Ko ita ma tana da wanda take jira? Wagga tambaya ta hana ni sakat, kuma ina jin daɗinta.

Yanzu ga inda magana take. Bahar ya janye. Kowace shekara in ya koma yana barin laka baƙa a gaɓa, jarif muke ce mata, kuma kwana goma ne kacal: in ba a soka iri ba ta bushe ta tsage, shekara ta wuce. Kowane magidanci da tsirinsa, wato yankinsa na gona a gaɓar. Jiya Alamin ya zo da igiyar awo ya ce, "Ya Ustaz, wata goma ke nan. Ka bari a yi wa yaron nan sallah, a haɗa tsirinsa da na Mujtaba, Sabah ta san matsayinta. Baitoci ba su ta da matacce." Ban yi fushi ba, shi ma ɗansa ne, kuma ba ƙarya ya faɗa a kan Sabah ba. Na kira ta gaban kowa na karanta mata takardarki ta Fabrairu, na ce ita ke da magana, in ta zaɓi a yi firashi ba zan hana ba. Ta dubi baffannin mijinta ta ce, "Wanda ya ga gawarsa ya ɗaga hannu." Mujtaba ya sunkuyar da kai. Alamin ya naɗe igiyarsa, ya ce shi dai ya faɗa, amma gobe zai kawo sandar shuka.

Yau da safe mun shuka tsirin Izzuddeen, ni ina soka rami, Sabah na jefa masara da Rayan a bayanta, Alamin na bin mu yana gunaguni yana rufewa da ƙafa.

Na tambayi Bahar ina ɗana, bai ce da ni komai ba,
Ya janye ya bar mini laka, bai hana ni shuka ba.

Ban zama Kirista ba, kada ki tashi a coci ki ba da shela. Har yanzu harshena na nauyin cewa don me. Amma na gane mai rufe wa ɗansa tuwo ba gardama yake yi da hukuncin Allah ba, kyakkyawan zato yake yi maSa, kuma wannan a wurinmu ma ibada ce.

Saura tambayoyi, kin san halina. Mu nan ba mu ɗaure dami, buhu muke cikawa. In an ɗaura jan ƙyalle a bakin buhu ya wadatar? Me kuke sa wa hatsin kada ƙwari su ci shi kafin shekara? Dole ja ne, ko Ma'u abin da ta samu ke nan?

Ta ƙarshe ita ce babba. Ba ki faɗa mini abin da ake yi ranar da mai dami ya dawo ba, wataƙila don ba a taɓa yi ba. To Almu ya dawo, Yaya, ga shi yana rubuto miki da hannun jikansa, kuma yana biɗar rabonsa. Kaka ta kusa a wurinku. In kin sauko da na bara, ki ciyar da matafiya kamar kullum, amma ki rage mini cikin tafi guda. Aminat ta san direbobin da ke bi ta Chadi. Ina son in ajiye shi iri, in shuka dawar Ma'u da damina a gonar Izzuddeen, ko shi ya girbe ta ko mai yatsa shida da ke goye.

Ki amsa mini da gaggawa, da rubutun hannunki, ko layi uku ne, ko zagi ne. Na sa ki jira wata takwas, na sani, amma ni ba jikan Ma'u ba ne, ba ni da haƙurinku.

Taubashinki mai kan kabewa,
Bilyamin